Raunin ƙashi a jarirai bakwaini masu ciwon huhu mai daɗewa

Raunin ƙashi na bakwaini cuta ce da ƙasusuwan jariri ke rasa isasshen sinadarin kalsiyam da fosfaros, sai su yi laushi, wani lokaci har su karye ba tare da wani buguwa ba. Ta fi samun jariran da ke fama da ciwon huhu mai daɗewa, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da BPD. Likita William Northway na Jami'ar Stanford da ke Amurka ne da abokan aikinsa suka fara bayyana wannan ciwon huhu a 1967. A yau ana cewa bakwaini yana da shi idan har yanzu yana buƙatar ƙarin iskar oksijin a lokacin da ya cika mako 36, in an ƙirga daga farkon cikinsa.

Tushen matsalar

Kusan kashi 80 cikin ɗari na kalsiyam da fosfaros da ɗan tayi ke tarawa, a watanni uku na ƙarshen ciki yake samunsu daga uwa. Wanda aka haifa kafin mako 28, ko nauyinsa bai kai giram 1,000 ba, ya fito duniya tun ƙashinsa bai samu rabonsa ba.

Abubuwan da ke ƙara haɗari

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, magungunan da ake ceto huhu da su su ne ke cin ƙashi. Maganin sa fitsari irin su furosemide, da ake bayarwa don rage ruwa a huhu, yana fitar da kalsiyam ta fitsari. Magungunan sitiroyid kamar dexamethasone suna taimakawa a cire jariri daga na'urar numfashi, amma suna dakushe ƙwayoyin da ke gina ƙashi, suna kuma rage kalsiyam ɗin da hanji ke tsotsa. Hatta kafeyin, da ake bayarwa saboda ɗaukewar numfashi, yana ƙara zubar kalsiyam. Wannan bai sa a daina su ba, sai dai likita ya riƙa duba yawansu da tsawon lokacin da ake bayarwa.

Ciyarwa ma tana da nata rabon. Ana taƙaita wa mai ciwon huhu ruwa, abin da ke rage abincin da yake samu. Idan aka daɗe ana ciyar da shi ta jijiya, fiye da mako huɗu, sinadaran ba sa isarsa, domin akwai iyakar kalsiyam da fosfaros da za su narke tare a ruwan. Nonon uwa, duk da amfaninsa, fosfaros ɗinsa bai wadatar da ƙaramin bakwaini ba sai an ƙara masa sinadarai. Ciwon ruɓewar hanji da tsayawar ruwan ɗaci a hanta suna ƙara dagula lamarin. Sannan ga rashin motsi: ɗan tayi yana harbi a ciki, hakan na ƙarfafa ƙashinsa, amma jaririn da ke kwance a kwalba da na'ura a baki bai samun wannan.

Ganewa da kulawa

Alamomin kan bayyana tsakanin mako 6 zuwa 16 bayan haihuwa. Hoton ƙashi ba ya nuna komai sai an yi asarar kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari na sinadaran, shi ya sa ake dogara da gwajin jini: hauhawar sinadarin ALP tare da raguwar fosfaros. Idan haƙarƙari ya yi laushi ko ya karye, numfashi na ƙara wahala, jariri ya ƙara daɗewa a kan na'ura. Ana magance cutar da ƙarin fosfaros, kalsiyam da bitamin D, tare da ɗaukar jaririn a hankali lokacin wanka da canjin ƙunzugu.