Tattara Shata a Kundi Ɗaya: Nazarin Abin da Katin Waya Ya Adana

A shekarar 1977 mawaƙin rok ɗan ƙasar Kanada, Neil Young, ya fitar da kundi mai suna Decade: faifai uku, waƙoƙi 35, waɗanda ya tsamo daga aikinsa na 1966 zuwa 1976. Shi ya zaɓa, ya kuma rubuta ɗan bayani da hannunsa a kan kowace waƙa. A 1985 kamfanin Columbia ya yi wa Bob Dylan makamancinsa, Biograph, mai waƙoƙi 53. Kundi irin wannan yana tsayawa ne a kan abu biyu: an san ranar da aka ɗauki kowace waƙa da wurin da aka ɗauke ta, kuma akwai kamfanin da ya ajiye asalin ɗaukar. Ko ɗaya daga cikin biyun bai cika ba a kan Alhaji Mamman Shata Katsina, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ya rasu a Kano a watan Yunin 1999, aka binne shi a Daura, bayan fiye da shekara hamsin yana waƙa da kalangu.

Duk da haka kundin Shata yana nan, kasuwa ce ta haɗa shi. A unguwar Dakata ta Kano, inda ma'aikatan masana'antun Bompai da makanikai da masu walda suke da yawa, mutum zai tsaya a shagon mai cajin waya ya miƙa katinsa ya ce, "Malam, a zuba min Shata." Mai shago ya buɗe kwamfuta, ya kwashe duk abin da ke ƙarƙashin sunan ya tura. Wanda ya zauna ya saurara zai ji wata waƙar ta fara daga tsakiya, wata da sautin tsohon kaset a ƙarƙashinta, wata kuma ta maimaitu da suna daban. Babu shekara, babu wuri, babu sunan makaɗi ko ɗan amshi ko guda.

Ban raina wannan aiki ba. Ba don masu kaset na da da magadansu masu tura waƙa ba, da samarin yau sun san Shata a baki kawai. Amma wajibi ne mai nazari ya san matatar da waƙoƙin suka bi kafin su iso kati. Na'urar ɗaukar sauti ta fi zuwa inda mulki da kuɗi suke: fada, gidan rediyo, bikin attajiri. Saboda haka waƙar Sarkin Daura Muhammadu Bashar ta tsira da kyakkyawan sauti, yayin da abin da Shata ya rera a dandalin ƙauye yana saurayi ya tafi da mutanen da suka ji shi. Sai kuma tsawon abin ɗaukar. Tsohon faifan garmaho bai wuce kimanin minti uku a kowane gefe ba, mawaƙin da ya saba jan zare gwargwadon yadda taro ya karɓa dole ya datse ɗiyan waƙarsa. Daga ƙarshe mai saye ya yi nasa tankaɗen: abin da aka fi tambaya, kamar Gagarabadau ko Umaru Ɗan Ɗanduna, shi ake ta kwafa, sauran su yi ta raguwa a hannun mutane.

Babbar matsalar tana ga waƙarsa ta Bakandamiya. Shata bai rera ta sau ɗaya ya ajiye ba. Ya yi ta maimaita ta tsawon shekaru, gindin yana nan, ɗiyan suna sauyawa: ya ƙara kirari, ya sako habaici ga abokan hamayya, ya ambaci abin da ya wakana tun bayan rerawar da ta gabata. A ganina, Bakandamiya ita ce kundin da Shata ya haɗa wa kansa, domin a cikinta yake bitar matsayinsa a fagen waƙa, kuma kowace rerawa tana nuna inda ya kai a lokacin. Duk wanda ya ɗauki guda ɗaya ya ce ita ce Bakandamiya ya zaɓi Shatan wata shekara ya rufe bakin sauran. Muryar ƙuruciya mai kaifi da muryar manyanta mai kauri ba sa faɗin magana ɗaya, ko da kalmomin sun zo daidai.

A ɓangaren rubutu an yi ƙoƙari. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba mawaƙin digirin girmamawa a 1988, sannan a 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da Shata Ikon Allah! Sautin ne bai sami irin wannan hidima ba. Kundin da zai dace da Shata sai ya jera Bakandamiya uku ko huɗu bisa shekarunsu, ya sanya waƙar fada kusa da ta direbobi da ta kumbon Apollo 11, ya rubuta sunayen makaɗa da 'yan amshi. Kayan aikin suna warwatse a ma'ajiyar Rediyon Kaduna da Rediyon Kano da akwatunan masu tara tsofaffin kaset, kuma dattawan da za su ji ɗauka su ce a bikin wane aka yi ta, a gari kaza, kullum raguwa suke yi.