Gudummawar Ɓera ga Tarihin Binciken Ƙiba

Maƙasudin wannan takarda shi ne waiwayen yadda ɓera ya sauya fahimtar masana game da ƙiba da ciwon sukari.

A shekarar 1949 aka ga wasu ɓeraye masu ƙibar gado a ɗakin binciken Jackson da ke Amurka, aka laƙaba musu ob. A 1966 aka bayyana iri na biyu, watau db, mai ƙiba haɗe da ciwon sukari. Dukkansu ba su san ƙoshi ba.

Douglas Coleman ya riƙa ɗinke jikin ɓeraye bibbiyu don jininsu ya gauraya, yana auna cinsu da nauyinsu. Da ya haɗa ob da lafiyayye, sai ob ya rage ci. Da ya haɗa db da lafiyayye kuwa, lafiyayyen ne ya ƙaurace wa abinci har ya mutu. Daga nan ya fahimci akwai sinadarin ƙoshi cikin jini: ob ba ya yin sa, db kuwa ba ya jin saƙonsa.

Sai a 1994 Jeffrey Friedman ya gano tushen wannan sinadari da kitse ke fitarwa, wanda aka raɗa wa suna leptin. A 1997 aka sami yara biyu masu rashinsa a Ingila.

Ashe ba kowace ƙiba ce haɗama ke jawowa ba. Ya kamata a yi hattara wajen zargin mai ita.