Ramin Woodhead a Cikin Dusar Ƙanƙara

A hunturun 1947, daga ƙarshen Janairu har cikin Maris, dusar ƙanƙara ta lulluɓe Ingila, jiragen ƙasa suka yi ta maƙalewa a kan tsaunukan Pennine da ke gabas da birnin Mancesta. An ɗauki hotuna da yawa a irin waɗannan lokuta, wasu kuwa sun iso hannun masu tarihi ba suna ba kwanan wata. Abin da ake gani kawai shi ne fari fat, sai baƙin bakin rami inda layin dogo ya kutsa cikin dutse. To, wane rami ne?

Ƙanƙara dai takan shafe shaida. Hanya da katanga da allon sunan tasha duk sukan nutse, sai ya zamana ginin bakin ramin ne kaɗai zai yi magana. Saboda haka mai bincike yakan fara da ƙirga bakuna. Idan ya ga biyu kafaɗa da kafaɗa, kowanne faɗin jirgi ɗaya, zuciyarsa za ta tafi wurare biyu: Woodhead, a kan hanyar Sheffield, ko kuwa Standedge, a kan hanyar Huddersfield. A nan ne akan yi tuntuɓe, don kowannensu ya kai mil uku. Amma Standedge yana da maƙwabci, watau ramin jiragen ruwa da aka buɗe a 1811, kuma tun 1894 aka ƙara masa babban rami mai layi biyu. Woodhead ba shi da hanyar jirgin ruwa, kuma an ƙawata bakinsa na yamma da zankaye kamar gidan sarauta.

Da an tabbata Woodhead ne, sai batun shekara. An buɗe rami na farko a 1845, na biyu a farkon shekarun 1850. An soma haƙa na uku a 1949, aka buɗe shi a 1954 domin jirage masu aiki da lantarki. Ke nan hoton da ke nuna bakuna biyu kaɗai, ba tarin ƙasa ba alamar lebura, ya girmi 1949. Wanda aka ga wayoyi a saman layinsa kuwa na baya ne. Hayaƙi ma shaida ne. Injin tururi, wanda James Watt ya kyautata (kabarinsa yana unguwar Handsworth ta Bamingham), ya zama azaba a waɗannan ramuka masu ƙunci, inda direbobi da 'yan wuta kan toshe hanci da jiƙaƙƙen tsumma kafin su fita.

Wani zai ce wannan wahala ce ta banza, rami ai rami ne. Ba haka ba ne, domin Woodhead ya ci rayuka. Leburorin da suka mutu wajen haƙa na farko ba su kasa 26 ba, ban da waɗanda suka naƙasa, har Edwin Chadwick ya ce sojan da ya je yaƙin Waterloo ya fi leburan Woodhead tabbacin komowa gida. Maganar ta kai gaban wani kwamitin Majalisar Dokoki a 1846. A 1849 kuma cutar kwalara ta kashe mutum 28 cikin masu haƙa na biyu. Duk wanda ya liƙa wa hoton Woodhead sunan Standedge ya ɗauke wa waɗannan bayin Allah abin da ya rage na shaidar aikinsu.

Jiragen fasinja sun daina ratsa Woodhead a 1970, jirgin kaya na ƙarshe ya wuce a Yulin 1981. Tun shekarun 1960 aka shimfiɗa manyan wayoyin lantarki a cikin ɗaya daga tsofaffin ramukan, daga 2008 kuma aka fara mayar da su cikin na uku.