Yadda Ma'aikatan Laburare Suka Koyi Sabuwar Intanet: Tarihin Abubuwa 23

A watan Agustan 2006 hukumar laburaren jama'a ta birnin Charlotte da gundumar Mecklenburg, a jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka, ta fito wa ma'aikatanta da wani irin horo da ba a saba gani ba. Babu aji, babu malami tsaye a gaban allo, babu jarrabawa. Ayyuka ne guda 23 aka jera a wani shafin intanet, aka ce duk mai sha'awa ya bi su ɗaya bayan ɗaya cikin mako tara, daga teburinsa, a ɗan lokacin da ya samu tsakanin aiki. Wadda ta tsara shi, Helene Blowers, ita ce ke kula da harkar fasaha a hukumar a lokacin. Ta raɗa masa suna Learning 2.0, amma sunan da ya bi shi duniya shi ne 23 Things, wato Abubuwa 23.

Kada mai karatu ya ɗauka a nan ne ma'aikatan laburare suka fara sanin kwamfuta. Sun riga yawancin ma'aikatan ofis. Tun a shekarun 1960 Henriette Avram ta Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ta jagoranci tsara MARC, hanyar rubuta bayanin littafi yadda na'ura za ta iya karantawa. A 1967 aka kafa cibiyar haɗin gwiwar laburarori ta OCLC a jihar Ohio, kuma daga 1971 laburarori suka fara musayar bayanan littattafai ta waya, ta yadda wanda ya riga ya shigar da littafi ya hutar da saura. Ko da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro yanar gizo a cibiyar CERN, shafin farko da aka buɗe a Amurka, a watan Disamban 1991, a cibiyar binciken kimiyya ta SLAC da ke Kaliforniya yake, kuma kundin takardun bincike ne aka ɗora a kansa. Ma'aikaciyar laburaren wurin, Louise Addis, tana cikin waɗanda suka tsaya a kan aikin.

Sai dai duk wannan aikin bayan fage ne, na 'yan ƙwararru kaɗan. Mutumin da ke zaune a kanta yana ba da aron littafi, ko matar da ke karanta wa yara tatsuniya ranar Asabar, ba ruwansu. Abin ya iso gare su ne lokacin da aka jera kwamfutoci a zauren karatu domin jama'a. Daga 1997 gidauniyar Bill Gates da Melinda ta shiga wannan aiki, har ta raba kwamfutoci sama da 47,000 a laburarori kimanin 11,000 a faɗin Amurka. Daga nan tambayoyin da ake kawowa kanta suka canza. Da ana tambayar inda littafi kaza yake, yanzu ana tambayar yadda za a buɗe imel, yadda za a cike takardar neman aiki, ko me ya sa firinta ta ƙi. Horon da ake ba ma'aikata a lokacin ya dace da wannan. A tara su a ɗaki, a raba musu takarda mai matakai, danna nan sannan ka danna can. Tunda manhajojin kaɗan ne kuma sukan daɗe ba su canza ba, hakan ya wadatar.

Tsakanin 2004 da 2006 wannan tsari ya rushe. Flickr ya fito a 2004, YouTube a 2005, Twitter a 2006, kuma a watan Satumban 2006 Facebook ya buɗe ƙofarsa ga kowa bayan ya fara da ɗaliban jami'a. MySpace kuwa ya riga ya cika da matasa. Intanet ta tashi daga wurin da ake zuwa karanta abin da wasu suka rubuta, ta koma wurin da kowa ke zuba nasa rubutu da hotuna da bidiyo. Tim O'Reilly da abokan aikinsa suka yaɗa lakabin Web 2.0 ta wani taro da suka fara a 2004. Kafin mai ba da horo ya gama rubuta takardar matakai a kan wani shafi, masu shafin sun canza masa fuska, ko wani sabo ya fito ya doke shi. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu zai zauna a kwamfutar laburare yana yin abin da ma'aikacin da ya shekara ashirin a wurin bai san ko sunansa ba.

Ga kuma tsoro. A watan Yulin 2006 Majalisar Wakilan Amurka ta amince da wani ƙuduri da zai tilasta wa makarantu da laburarorin da ke karɓar tallafin intanet daga gwamnatin tarayya su toshe kafofin sada zumunta, domin kare yara daga miyagu. Ƙuri'a 410 suka goyi baya, 15 kacal suka ƙi. Ƙungiyar Laburarorin Amurka ta yi adawa da shi, kuma bai tsallake Majalisar Dattawa ba. Amma ya nuna halin da ake ciki: ana neman ma'aikacin laburare ya yanke hukunci a kan abin da bai taɓa taɓawa da hannunsa ba.

A cikin sana'ar kanta ma gardama ake. Michael Casey, ma'aikacin laburare a jihar Jojiya, ya fito da kalmar Library 2.0 a 2005, yana cewa lokaci ya yi da masu karatu za su sa baki a yadda ake tafiyar da laburare. Walt Crawford ya rubuta doguwar maƙala a farkon 2006 yana tankaɗe maganganun, yana raba abin da ke da amfani da abin da yake talla ce kawai. Ni a ganina kowannensu yana da gaskiyarsa, amma gardamar ta manya ce, ta masu zuwa taro. Ƙaramin ma'aikaci a reshen unguwa bai ƙaru da komai ba.

Nan ne dabarar Blowers ta shigo. Ta samo ta daga wata maƙala da Stephen Abram, masanin laburare ɗan Kanada, ya wallafa a watan Fabrairun 2006, inda ya lissafa abubuwa 43 da mutum zai iya gwadawa da kansa a shekarar. Shi kuma ya aro adadin daga wani shafi mai suna 43 Things, inda mutane ke rubuta burikansu. Ta rage yawan, ta jera su mako-mako, ta yadda kowane aiki zai hau kan na baya.

Makon farko babu wata manhaja. Wani ɗan darasi ne a kan halaye bakwai da rabi na mai neman ilimi har tsufa, kuma rabin nan na ƙarshe shi ne wasa. A mako na biyu kowa ya buɗe nasa shafin bulog, inda zai riƙa rubuta abin da ya gwada da yadda ya ji. An yarda mutum ya ɓoye sunansa, abin da ya sauƙaƙa wa masu jin kunyar a ga kasawarsu. Daga nan sai hotuna a Flickr, sai tattara labaran shafuka wuri ɗaya da Bloglines, sai wani mako da aka ware domin wasa zalla, inda mutum zai shigar da littattafan gidansa a LibraryThing ko ya haɗa hoton barkwanci. Sai adana adireshin shafuka a Del.icio.us, da lalube a Technorati, da rubutun haɗin gwiwa na wiki, da rubuta takarda a intanet ba tare da manhajar ofis ba. Makon ƙarshe na YouTube ne da shirye-shiryen sauti da littattafan saurare, kuma abu na 23 shi ne mutum ya rubuta abin da ya koya. Ba a tilasta wa kowa ba. Wanda ya kammala a kan lokaci an ba shi 'yar na'urar MP3, aka kuma sa sunansa a canki-cankar kwamfutar tafi-da-gidanka.

Wanda ya san makarantar allo zai gane tsarin nan da nan: kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, mai sauri ya wuce, wanda ya maƙale ya juya ga na kusa da shi ya biya masa. Haka aka yi a rassan Charlotte. Tunda babu malamin da za a jira, sai ma'aikata suka koma tambayar juna, kuma sau da yawa ƙaramin ma'aikaci ne ke nuna wa shugabansa. Tunda kuma kowa na iya karanta rubutun kowa, wanda yake tsammanin shi kaɗai ne abin ya gagara sai ya tarar ashe da yawa haka suke. Abin da shirin ya ba su, fiye da sanin wata manhaja, shi ne izini. Babban mutum mai furfura ya danna abin da bai sani ba, ya ɓata, ya sake, ba tare da fargabar cewa ya lalata kwamfutar hukuma ko an kama shi yana shiririta a bakin aiki ba.

Wani mataki guda ne ya fitar da shi daga Charlotte. Blowers ta sa shirin a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wato kowa ya kwafa ya gyara kyauta muddin ya faɗi inda ya samo. Laburaren yankin Yarra Plenty da ke Melbourne a Ostareliya na cikin na farko da suka ɗauka, kafin jihar Victoria ta shirya shi ga ma'aikatan laburarorinta gaba ɗaya a 2007. A shekarar ce ƙungiyar laburarorin makarantun Kaliforniya ta yi nata. Jihohin Minnesota da Nebraska suka biyo baya a 2008, aka fassara shi zuwa harshen Holan da wasu harsunan Turai, kuma a 2010 laburarorin jami'o'in Oxford da Cambridge a Ingila kowannensu ya gudanar da nasa. Ɗaruruwan hukumomi suka kwafa. Manyan cibiyoyi ma suka saki jiki: a watan Janairun 2008 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya zuba dubban tsofaffin hotuna a Flickr, jama'a suka riƙa gano wurare da mutanen da ke ciki, abin da ma'aikatansa ba su da lokacin yi.

Ba ko'ina abin ya yi armashi ba. Michael Stephens, wanda ya bi sawun shirin a Ostareliya daga 2009, ya tarar waɗanda suka yi shi sun ƙara samun ƙarfin gwiwar gwada sabon abu, amma kukan rashin lokaci ya yawaita. Inda shugabanni suka ce a yi, ba su kuma rage wa kowa aikin kanta ba, mutane suka fara da zumuɗi suka watsar a tsakiya. A wasu wuraren sashen kwamfuta na hukumar ya toshe ainihin shafukan da aka ce a je a koya. Akwai kuma abin da shirin farko bai tsaya a kansa sosai ba. Sana'ar da ta yi suna wajen ɓoye sirrin abin da mutum ya ara ya karanta, ita ce ta riƙa tura ma'aikatanta, daga baya har da masu karatu, su buɗe asusu a kamfanonin da cinikinsu shi ne bayanan mutane. Sai a shirye-shiryen baya aka fara ware darasi a kan sirri da tsaron asusu. Ita kanta Charlotte, a 2010 an zabge mata kasafin kuɗi har ta rufe wasu rassa ta sallami ma'aikata masu yawa, kuma iya Flickr bai ceci aikin kowa ba.

Mafi yawan kayan da aka koya a 2006 yau sun zama tarihi. Bloglines ya mutu, Google Reader da ya gaje shi an rufe shi a watan Yulin 2013. Yahoo ya sayar da Delicious a 2011, ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har ya shuɗe. Technorati ya daina lissafin shafukan bulog a 2014, shafin 43 Things da aka aro adadin daga gare shi ya rufe a 2015. Da a ce manhajojin ne manufar, da an yi asarar mako tara. Amma ƙwarangwal ɗin ya rayu, ana ta sauya masa kaya. A 2013 Jan Holmquist na laburaren Guldborgsund a Denmak ya fitar da na wayoyin hannu, wasu ma'aikatan laburaren jihar New South Wales suka haɗa hannu da shi aka yi na Turanci. A 2016 aka yi na adana bayanan bincike a Ostareliya, Jami'ar Edinburgh kuma ta buɗe nata ga duk mai so. Da annobar korona ta rufe ƙofofin laburarori a 2020, aka koma karanta wa yara labari ta bidiyo da amsa tambayoyi ta kafofin sada zumunta.

A nahiyarmu, abin da ya fi kama da wannan salo ya zo ne ta hanyar Wikipedia. A watan Janairun 2016 aka fara gangamin #1Lib1Ref, wanda ke roƙon kowane ma'aikacin laburare ya ƙara hujja guda ɗaya tak a wata maƙala. Ƙungiyar AfLIA, mai haɗa laburarorin Afirka daga hedkwatarta a Accra, ta ɗauki wannan ta mayar da shi makon ma'aikatan laburaren Afirka a watan Mayun 2020, sannan ta gudanar da kwas ta intanet a kan Wikipedia, kuma 'yan Najeriya sun shiga sosai. Ƙaramin aiki ne, kowa a wurinsa, kowa na ganin abin da ɗan'uwansa ya yi.

Duk da haka, horon ma'aikata a wajenmu har yanzu bita ce aka fi sani: kwana uku a otal, jaka da biro, alawus, hoto, takardar shaida, kuma galibi manyan ne ke tafiya, ba wanda ke zaune a kanta ba. Matsalar wuta da tsadar data gaskiya ne, amma yau kusan kowane ma'aikaci na da wayar da ta fi kwamfutocin Charlotte na 2006 ƙarfi. Shugaban laburaren jami'a ko na jiha da ke son gwadawa ba ya bukatar jiran kasafi daga sama. Ya zauna da ma'aikatansa su jera ayyukan da masu karatunsu ke tambaya a kai, daga gane labarin ƙarya a WhatsApp zuwa gyara maƙala a Wikipedia ta Hausa, ya ware musu awa ɗaya a mako cikin lokacin aiki, ya saya musu data, sannan ya zama shi ne na farko da zai yi aiki na ɗaya a gabansu.