Daurama da Bagwariya: Tarihin Matsayin Mata a Ƙasar Daura

Matsayin mata a ƙasar Daura batu ne da ya haɗa sarauta da aure da bauta da dukiya da ilimi, a masarautar da a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar na Jihar Katsina: Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa. Duk wanda ya taɓo shi da Daurama yake farawa, kuma sau da yawa a kanta yake tsayawa, kamar sunanta kaɗai ya wadatar. Masu alfahari sukan ce garin da mace ta mulka ba ya buƙatar a koya masa darajar mace. Masu kuka sukan ce da can mata na kan gadon sarauta, yau an koro su zuwa madafa. Dukansu sun manta cewa mata biyu ne a tsakiyar labarin kafuwar Daura, sarauniya da baiwarta, kuma tarihin matan wannan ƙasa ya fi bin sawun baiwar. Tun farko abin da ke yanke wa mace rabonta a nan shi ne kasancewarta mace haɗe da asalinta da abin hannun gidansu.

Jerin sarakunan Daura, wanda H. R. Palmer ya buga a 1928 cikin littafinsa Sudanese Memoirs, ya fara da sarauniyoyi masu sarautar Magajiya, irin su Kufuru, Gino, Yakumo, Yakunya, Innagari, Daurama, Gamata da Shawata. An ce daga Tsohon Birni aka taso aka kafa Daura ta yanzu. Sannan Bayajida ya iso daga Bagadaza ta Barno, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce masa ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijin da ke rijiyar Kusugu. Ya kashe macijin da dare, sarauniya ta yi masa tayin rabin gari, shi kuwa ya ce aure yake so. Rijiyar tana nan har gobe a cikin gari, an gina mata ɗaki, baƙo na iya zura guga ya sha. Wurin da masu ba da labari kan yi sauri su wuce shi ne na Bagwariya, baiwar da sarauniya ta ba mijinta. Ita ta fara haihuwa, aka sa wa ɗanta Karɓagari. Da sarauniya ta haihu sai ta sa wa nata Bawo, wato a maido gari. Daga zuriyar Bawo aka lissafa mafi yawan Hausa Bakwai, daga ta ɗan baiwa kuma aka lissafa ƙasashen da aka laƙaba wa Banza Bakwai, su Zamfara da Kabi da Yawuri da Nufe da Gwari. Uba ɗaya ne, uwa ce ta raba halal da banza. Ko sunan kanta ba a adana mata ba, da sunan ƙabilarta ake kiranta.

Za a ce ai wannan tatsuniya ce, kuma masana tarihi da dama ba su yarda akwai wani mutum guda da ya zo daga Bagadaza ya haifi Hausawa ba. Wannan gaskiya ne, amma bai rushe hujjar ba. Labarin da al'umma ta riƙe ɗaruruwan shekaru tana maimaitawa a fada shaida ne a kan yadda take auna mutane, ko da bai tabbatar da aukuwar abin ba. Kuma akwai shaidar da ba tatsuniya ba. M. G. Smith, a littafinsa The Affairs of Daura na 1978, ya nuna cewa a tsarin mulkin Haɓe kafin jihadi sarautar Magajiya da ta Iya suna cikin manyan muƙamai, mata 'yan gidan sarauta ke riƙe su, har Magajiya na da ikon tsawata wa sarki da taka wa umarninsa birki. Ba a ƙirƙiro irin wannan kujera daga iska. Sai dai a lura da masu zama kanta: 'ya'yan sarki da 'yan uwansa. Matar talaka da ke surfe, da baiwar da ke noma a rinji, ikon Magajiya bai ɗauke musu komai ba.

Jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804 ya iso Daura wajen 1805, Malam Ishaku ya karɓi gari, Sarkin Gwari Abdu da zuriyarsa suka fice, daga baya suka kafu a Zango da Baure. Ra'ayin da ya yaɗu, musamman a rubutun wasu Turawa, shi ne jihadi ne ya kashe ikon mata. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A masarautun da suka koma ƙarƙashin Sakkwato sarautun mata sun rasa nauyinsu na siyasa, alhali a Maraɗi, inda Haɓen Katsina suka yi hijira, Iya ta ci gaba da shugabancin mata da 'yan bori, haka ma Inna a Gobir. Ita kanta kalmar magajiya ta zame har ta kai ga ana kiran shugabar gidan mata masu zaman kansu da ita, wanda ya isa ya nuna nisan faɗuwar. To amma ra'ayin ya yi tsalle ya tsallake abubuwa biyu. Mulkin sarauniya ya ƙare a Daura ƙarnuka da dama kafin a haifi Shehu, a cewar jerin sarakunan Haɓen kansu. Kuma Shehu ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajoji, wato malamai mata, ke ɗaukar karatu zuwa ga matan ƙauye. Shari'a ta tabbatar wa mace sadakinta, da rabon gado, da haƙƙin kai ƙara gaban alƙali. Abin da jihadi ya yi shi ne sauya wa ikon mace wuri, daga fada zuwa karatu da cikin gida. Baiwa kuwa ba ta ga sauyi ba, don ƙarni na 19 ƙarni ne na yaƙe-yaƙe da kamun bayi, ga Daura a matse tsakanin Fulanin Kano da Katsina da sarakunan Damagaram.

Turawan mulkin mallaka sun maido da gidan Haɓe kan gadon Daura ta hannun Malam Musa, wanda Sarki Abdurrahman ya gada daga 1911 zuwa 1966. Sarautar maza ta dawo da ƙarfinta, ta mata ta dawo a matsayin girmamawa. A kan bauta, shelar Lugga ta 1901 ta ce duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, kuma an kau da kai daga sa-ɗaka don kada a ɓata wa sarakuna da attajirai. Wato mace ce ta ƙarshen fita. A nan ne wani abu mai ban mamaki ya faru, wanda Smith ya lura da shi a ƙasar Zazzau, kuma ya dace da yawancin ƙasar Hausa: kulle ya bazu bayan 'yancin bayi. A da matan malamai da na masu sarauta aka fi sani da shi, saboda akwai bayin da ke zuwa gona da rijiya da daji. Da bauta ta faɗi, macen da uwarta ta tsufa da fartanya a hannu ta ɗauki zaman gida a matsayin shaidar cewa ita ma 'ya ce. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka kulle danniya ce tsagwaronta, wanda ya san shi kaɗai kuma zai ɗauka zaɓi ne tsagwaronsa. Ya fara da neman mutunci, ya zo ya zama ƙa'idar da miji ke riƙe da makullinta.

Kulle bai hana mata neman kuɗi ba. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina ta buga Rural Hausa a 1972, ta bayyana wata kasuwa da ba ta da rumfa, tana gudana daga gida zuwa gida. Mace na soya ƙuli-ƙuli, ta matse man gyaɗa, ta dama fura, ta sayi hatsi da kaka ta ɓoye sai bazara, ta zuba adashi. Ƙafarta a wannan ciniki ita ce 'yarta. Yarinya 'yar shekara tara da faranti a ka, an rufe ɗanwake da leda, tana zaga tasha da bakin kasuwa, ita ce ke haɗa uwar da ke cikin gida da mai saye. Ribar kuma akasari kayan ɗakin yarinyar ake tarawa da ita. Shi ya sa da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta na ƙasa baki ɗaya a 1976, gardamar ba ta tsaya kan tsoron boko kawai ba. Sa yarinya makaranta na nufin rufe shagon uwarta. 'Yar ma'aikaci da 'yar attajiri ba su da wannan matsala, su ne suka fara zama malamai da ma'aikatan jinya da lauyoyi. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 kuma Katsina na cikin jihohin farko, ya gane haka, shi ya sa ya haɗa gyaran makarantu da ba iyaye tallafin kuɗi.

A fagen ƙuri'a iyakar Nijeriya da Nijar ta yi abin mamaki. Dokar Faransa ta 1956 ta ba kowane baligi, mace da namiji, ƙuri'a a Nijar, don haka Bahaushiyar Magarya ta riga 'yar uwarta ta Zango samun wannan haƙƙi da shekara 20. Matan Arewacin Nijeriya sai 1976 suka samu, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU, wadda ta sha ɗauri a kai. Yau mata ne ke cika layin zaɓe tun da sassafe, amma a zaɓen 2023 ba mace ko ɗaya da ta shiga Majalisar Dokokin Jihar Katsina mai kujeru 34, kuma a watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata a gyaran tsarin mulki.

Saura batun launin fata, inda wasu ke cewa rigimar Amurka ce aka yayo. A 1989 lauya Kimberlé Crenshaw ta nuna cewa kotunan Amurka na duban wariyar launi daban, wariyar jinsi daban, sai baƙar mace da abin ya haɗe mata ta faɗa tsakani. Gaskiya ne a Daura kowa baƙar fata ne, kuma ba a taɓa yin dokar raba mutane da launi ba. Amma haɗuwar nauyi biyu a kan mace guda ba baƙon abu ba ne a garin Bagwariya. Har yanzu in aure ya taso akan aika a binciko asali, kuma kalmar da ake tsoron ji sananniya ce. A Nijar, inda aka mai da bauta laifi a 2003, kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2008 cewa gwamnati ta kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12 a matsayin wahaya, wato sa-ɗaka, a yankin Birnin Ƙonni, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Launin ma yana shigowa ta bayan gida. Al'ummar da ta fi son a ce kakanta daga Bagadaza ya zo, mawaƙanta na zuga farar mace, kantunanta cike da man bilicin da ke ɓata fata da ƙoda, ba za ta ce ba ruwanta da launi ba. Kuma da zarar Badauriya ta tsallaka Bahar Maliya neman aikatau, sunan da ake kiranta da shi, Takari, ya haɗa launinta da talaucinta wuri guda.

Dokoki sun ƙaru a 'yan shekarun nan. Jihar Katsina ta yi dokar kare yara a 2020, shekara 17 bayan ta tarayya ta 2003, sannan a ƙarshen 2023 ta amince da dokar hana cin zarafi wadda tarayya ta kafa tun 2015. Ƙungiyoyi irin su FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, sun zaɓi yin gardama daga cikin addini, suna neman a ba mace abin da Shari'a ta riga ta ba ta: tumunin gadon mijinta in akwai 'ya'ya, rabin rabon ɗan'uwanta daga gonar ubansu, ciyarwa lokacin idda. A ƙauyukan Baure da Sandamu waɗannan haƙƙoƙi kan bi ta hannun mai unguwa da dagaci da alƙali kafin su iso, kuma bazawarar da ba ta da kuɗin mota zuwa kotu, ko ɗan'uwa mai faɗa a ji da zai raka ta, galibi haƙuri ake ba ta, gonar ta zauna hannun 'yan uwanta maza da sunan suna noma mata.