Lahadi

Lahadi (suna, tamata, daga Larabci, *al-ahad*). 1. Ranar farko ta mako, tsakanin Asabar da Litinin. Wanda aka haifa cikinta ana kiransa Ɗanladi, mace kuwa Ladi. 2. A wurin Kirista, ranar hutu da ibada, domin sun yi imani cewa a cikinta ne Almasihu ya tashi daga matattu. Sarkin Rum Kustantin ya wajabta hutunta a shekarar 321. Da hantsi Kirista sukan hallara a majami'a domin sujada, a karanta Littafi Mai Tsarki, wanda fassararsa ta Hausa ta fito a 1932, a saurari wa'azi, a ba da baiko. Bayan an tashi kuwa, sai iyali su ci abinci tare, su gai da marasa lafiya, su sada zumunci. A Sakkwato, 'yan Katolika suna da babbar majami'ar Holy Family, cibiyar yankin bishop da aka kafa a 1964. Misali: "Maƙwabtanmu na Unguwar Rogo ba sa buɗe shago ran Lahadi sai bayan azahar."