Gilmawar Zahra a Fuskar Rana da Tarihin Zangon Kumasi

Tauraruwar da malaman falaki ke kira Zahra, wadda Hausawa suka sani da Gamzaki idan ta fito da asuba, suka kuma laƙaba mata Zara matar wata idan ta bayyana da almuru, ba baƙuwa ba ce ga fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja neman goro, domin fitowarta na cikin alamun da ayari ke lura da su kafin a ɗaura wa jakuna kaya. Abin da ido bai saba gani ba shi ne gilmawarta, wato lokacin da take ratsawa daidai tsakanin duniya da rana har a hange ta kamar baƙin ɗigo yana tafiya a fuskar rana na kimanin sa'a shida. Zahra takan shiga tsakanin duniya da rana kowane kwana 584, amma da yake falakinta, wato hanyar da take bi wajen kewaya rana, ya karkace daga na duniya da digiri uku da 'yan kai, galibi takan wuce ta sama ko ta ƙasa. Saboda haka gilmawar ke zuwa bibbiyu, shekara takwas tsakaninsu, sannan a yi fiye da ƙarni ana jira.

Ibn Sina ya rubuta cewa ya ga Zahra kamar tabo a jikin rana, zancen da masana ke jayayya a kansa har yau, amma gani na farko da aka tabbatar shi ne na Jeremiah Horrocks a Ingila a 1639. Bayan Edmond Halley ya nuna cewa za a iya auna nisan rana idan aka kalli gilmawar daga wurare masu nisa da juna, sai Turawa suka bazu a duniya domin kallonta, har Kyaftin Cook ya isa Tahiti a 1769.

A Kumasi kuwa, babban birnin Asante, gilmawar 6 ga Disamba 1882 ta fara da azahar ta ci gaba har faɗuwar rana, a zamanin Asantehene (sarkin Asante) Mensa Bonsu, shekara takwas bayan sojojin Ingila sun ƙone birnin. Akwai Musulmi a garin tun kafin nan, domin wakilan Ingila Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820 sun tarar da malamai masu rubuta laya a fadar Asantehene Osei Bonsu, sai dai Zango, wato unguwar baƙi, irin na yau bai kafu ba tukuna, kasuwar goro tana Salaga a ƙasar Gwanja. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake, cin Asante da Ingila ta yi ya buɗe musu hanyar kudu, Hausawa da Mosawa da Yarbawa da Wangarawa suka taru a Kumasi, Zango ya kafu. Duk wannan, da mulkin mallaka kansa da 'yancin kan Gana a 1957, ya auku ba tare da Zahra ta sake gilmawa a sararin Kumasi ba, sai safiyar 8 ga Yuni 2004, lokacin da rana ta fito da ɗigon a jikinta.

Wannan tazara ce ta sa gilmawa ba ta da gurbi a al'ada. Husufi yana da sallarsa, yara kuma kan buga gwangwani idan rana ta kama wata, amma ɗigon da faɗinsa bai wuce kashi ɗaya cikin talatin na faɗin rana ba ba ya rage haske, kuma ba a kallonsa sai da gilashi na musamman, in ba haka ba ido ya lalace. Gilmawar Yunin 2012 cikin dare ta auku a Gana, mai zuwa kuma sai Disambar 2117.